Ƙaura da tankin kifi: yadda na sauya tsakuwa da yashi a rana guda

A kayan gidanmu duka, tankin kifi ne ya fi ba ni tunani da za mu tashi daga Tarauni zuwa Kabuga. Tanki ne mai cin lita 120, na ruwan daɗi. A cikinsa akwai koridoras, wasu ƙananan dangin tarwaɗa daga Kudancin Amurka, da gofi, wasu 'yan ƙananan kifaye masu launi, da kuma kribensis guda biyu, mace da namiji, waɗanda asalinsu kogunan kudancin Najeriya da Kamaru ne. Na daɗe ina son cire tsakuwar da ke ƙasan tankin, domin tana da kaifi, gashin bakin koridoras ɗin har ya fara gajarta saboda yawan tono a cikinta. Tunda dole a kwashe komai ranar tashi, sai na yanke shawarar haɗa aikin biyu.

Wanda bai taɓa kiwon kifin ado ba zai ɗauka gilashi da ruwa da kifi ne kawai ake ɗauka. Abin da ya fi su saurin lalacewa ido ba ya ganinsa. Kifi yana fitar da amoniya ta kunnuwansa da yake numfashi da su da kuma kashinsa, ita kuwa guba ce. Akwai ƙwayoyin bakteriya da ke mayar da ita naitrait, wadda ita ma guba ce, sannan wasu su mayar da naitrait ɗin naitret, wadda kifi ke iya jurewa har a zo canjin ruwa. Waɗannan ƙwayoyi ba su cika yawo a cikin ruwa ba. Manne suke a jikin soson matatar ruwa, wato na'urar da ke tace ruwan tankin, da jikin tsakuwa. In sun mutu, sai an yi mako huɗu zuwa shida kafin sababbi su kafu, kuma a wannan tsakanin ne kifi ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya. To ni ga shi zan zubar da tsakuwar da ke ɗauke da wani kaso nasu, don haka soson nan ya zama abin lallaɓawa fiye da komai.

Yashin na fara shiryawa tun kafin ranar. Na samo yashin kogi, na tankaɗe shi da rariya, na ɗiga ruwan binega a kan ɗan kaɗan in ga ko zai yi kumfa, domin wanda ya yi kumfa yana da farar ƙasa da za ta narke ta sauya yanayin ruwa. Bai yi ba. Wankinsa ne aikin gaske: a zuba kaɗan a bokiti, a cika da ruwa, a dama da hannu, a tsiyaye, a sake, har sai ruwan ya fito garau. Duk wanda ya gaji ya bari a nan, zai ga tankinsa ya koma kamar kududdufi. Kifin kuma na daina ba su abinci kwana biyu kafin tafiya. Ba ya cutar da su, kuma ba za su ɓata ɗan ruwan da za su yi tafiya a ciki ba.

Ranar tashi, tankin ne na ƙarshe da aka taɓa a tsohon gida, shi ne na farko da aka kafa a sabo. Na fara zuƙe ruwan sama da tiyo zuwa jarkoki tun kafin in motsa ƙasa, saboda in samu mai tsabta. Wannan ruwa na ɗauke shi ne don tsohon gida ruwan famfo muke sha, sabon kuma burtsatse ne, kuma sauyin ruwa farat ɗaya yana gigita kifi. Na cire shuke-shuke da itace, sannan na kama kifin da raga na sa su cikin kula mai murfi, na jefa musu dutsen iska, wanda ke sakin kumfar iska a ruwa daga ɗan famfo mai batir. Lokacin hunturu ne, iskar safe tana da sanyi, kifin nan kuwa sun fi son ruwa tsakanin digiri 24 zuwa 27. Kula tana riƙe ɗumi. Soson matata na sa shi a wani bokiti da ruwan tankin, ban wanke shi ba, ban matse shi ba, na bar murfin a ɗan buɗe don ƙwayoyin suna bukatar iska.

Da masu dako suka iso, babbansu ya dubi tankin da sauran tsakuwa da ɗan ruwa a ciki ya ce, "Alhaji, ai mu huɗu ne, bari mu ɗauka haka." Na ce masa, "Malam, ƙarfinku ba na shakkarsa, gam ɗin da ya haɗa gilashin nake ji." Kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce, ga nauyin jiƙaƙƙiyar tsakuwa, kuma da an ɗaga an ɗan murɗa, haɗin zai iya sakewa ya fara yoyo bayan wata guda. Sai da na kwashe shi tas, muka naɗe shi da bargo, ƙanina ya zauna kusa da shi a bayan a-kori-kura.

A sabon gida na zaɓi lungun da rana ba ta bugawa, na shimfiɗa farin soso a kan tebur, na ɗora tankin. Yashi na zuba kaurin kamar santimita uku. In ya yi zurfi sosai iska ba ta shiga ƙasansa, sai ya fara tara iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Na kife faranti a kai ina zuba ruwa a kansa don kada yashin ya tashi. Da ruwa ya kai rabi na duba layinsa a kusurwa huɗu in tabbatar tebur bai karkace ba. Anubiyas, wadda ita ma shukar Afirka ta Yamma ce, na ɗaure ta da zare a jikin itace, don in aka binne kututturenta ruɓewa take yi.

Sai dabarar da na fi jin daɗinta. Na cika safa biyu da tsohuwar tsakuwa jiƙe, na ɗaure bakinsu, na ajiye su a inda ruwan matata ke bugawa. Kamar yadda mai nono ke rage ɗan tsohon kindirmo ta zuba a sabuwar madara ne. Ba su da kyan gani, maiɗakina ma ta yi ƙorafi, amma sun zauna kusan wata guda, sannan na cire ɗaya, bayan mako na cire ɗayar.

Makon farko abinci kaɗan nake ba su, rana ɗaya a ba, rana ɗaya a hana, kuma kullum da safe sai na gwada ruwan da maganin gwaji na ɗigo. Amoniya ba ta nuna ba. Naitrait ta ɗan leƙo a tsakiyar makon, sai na canja kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kwana biyu a jere, ta koma sifili. Matsalar wuta ma na yi mata tanadi, domin matatar ruwa in ta daɗe a kashe ƙwayoyin cikinta shaƙewa suke yi, don haka na haɗa ta da inbata.

Kifi ko ɗaya ban rasa ba. Koridoras yanzu suna cusa kai cikin yashin har ido, suna fesar da shi ta kunnuwansu, gashin bakinsu ya fara tohowa. Kribensis ɗin kuma sun haƙa rami a ƙarƙashin ɓawon kwakwar da na kife musu, cikin macen ya yi ja sosai, alamar tana shirin ƙwai.