Kirgen buhunan albasa: yau kowane sito ya samu nasa lissafin

Salamu alaikum 'yan uwa masu koyon C, ga inda aiki ya tsaya. Ga wanda bai bi tun farko ba, ɗan ekstenshan ne nake haɗawa da C ana loda shi cikin Tcl (wani yaren rubuta furogiram), umarni uku ne kawai a ciki, buhu_shiga da buhu_fita da buhu_jimla, na kirga buhunan albasa da ke shiga sito nan Marwa. Na sani Tcl kaɗai ma zai yi wannan ba sai an taɓa C ba, amma dai koyo muke.

Da farko lissafin yana cikin static int guda ɗaya a saman fayil, kuma yana aiki lafiya lau muddin intafireta, wato abin da ke karanta umarnin Tcl yana aiwatarwa, ɗaya ce. Sai na ce bari in ba kowane sito tasa intafiretar da interp create, in loda ekstenshan ɗin a duka biyun, in gwada. Sito na farko na shigar da buhu 40, na biyu buhu 15, na tambayi jimla, kowanne ya ce min 55. Dalili kuwa shi ne load sau ɗaya yake ɗauko fayil ɗin .so ya saka a memori na furogiram ɗin gaba ɗaya, abin da yake maimaitawa ga kowace intafireta shi ne kiran Buhu_Init kawai, wato fankshin ɗin da ke tada ekstenshan ɗin, to static ɗin nan randa ɗaya ce a tsakar gida, kowane ɗaki daga ita yake ɗiba.

Maganin da Tcl ya tanada shi ne Tcl_SetAssocData. Abu huɗu kake ba shi, intafiretar, da sunan da za ka riƙa nemo kayanka da shi, da fankshin ɗin da za a kira ranar da aka goge intafiretar, sai fointa zuwa kayan naka. Ni na haɗa struct ƙarami mai ɗauke da jimla da sunan sito, na yanko masa wuri da ckalloc cikin Buhu_Init, na rataya shi da suna "buhu". In kana so ka ɗauko sai Tcl_GetAssocData da wannan sunan, in babu komai a wurin NULL zai dawo maka. Sunan nan ku kula da shi, teburi ɗaya ne duk ekstenshan da ke cikin intafiretar suke rubutawa, in ka sa wani abu irin "data" wata rana za ku yi karo da wani, sa sunan fakej ɗinka ka huta.

To amma ga inda na fi daɗewa ina juya abin a kai. Ai Tcl_CreateObjCommand, wanda ake ƙirƙirar umarni da shi, ma yana karɓar clientData, wato fointa zuwa kayanka, kuma yana da nasa fankshin na gogewa, me ya sa ba za a tsaya a nan ba? In umarni ɗaya ne wallahi ya isa, ba sai ka je wani wuri ba. Amma nawa uku ne kuma struct ɗaya suke rabawa, to waye zai yi ckfree, wato ya saki memorin, a cikinsu? In kowa ya yi, an saki memori ɗaya sau uku, furogiram ya faɗi. In ka ɗora wa buhu_shiga kaɗai, wani ya zo ya yi rename buhu_shiga {} a sikirif, wato ya goge umarnin, sauran biyun sun koma riƙe da fointa zuwa wurin da aka riga aka saki, kuma irin wannan ba lallai ya fashe nan take ba, sai ya yi ta ba ka lamba mara kan gado kana zargin yaron sito. Abin da na tsaya a kai shi ne intafireta ita ce mai kaya, ita kaɗai ke gogewa ta hanyar fankshin ɗin da na ba Tcl_SetAssocData, umarnin ukun kuma aro ake ba su ta clientData, wurin fankshin gogewarsu na sa NULL. Ribar haka har da sauri, don ba sai an je neman suna a teburi duk lokacin da aka kira umarni ba.

Wani tarkon kuma, in ka sake kiran Tcl_SetAssocData da suna ɗaya, rubutawa yake a kan tsohon ba tare da ya kira fankshin gogewarsa ba, tsohon struct ɗin ya ɓata kenan a memori. Shi ya sa layin farko a Buhu_Init yanzu Tcl_GetAssocData ne, in an samu wani abu a yi amfani da shi, in NULL ne a yanko sabo. Kada kuma wani ya ruɗe da Tcl_GetThreadData, wancan na kowane zaren aiki ne, kuma zare ɗaya yana iya ɗaukar intafireta da yawa, sito biyun nan nawa ma a zare ɗaya suke, da 55 ɗin zai sake ba ni.

Masu yaren Lua ku naku wurin ajiyar irin wannan rajista ne, LUA_REGISTRYINDEX, ko upvalue, sannan 5.3 ta kawo lua_getextraspace. Masu Python kuma m_size a PyModuleDef da PyModule_GetState, kuma tunda 3.12 ta fito a 2023 da GIL (makullin da ke barin zare ɗaya kawai ya yi aiki a lokaci guda) na kowace intafireta abin ya daina zama na ado. A ganina na Tcl ya fi sauƙin shiga kai, ko don shi na saba da shi ne oho.

Na sake gwajin, 40 da 15 kowa da nasa, na yi interp delete a kan na biyu na ga saƙon da na sa cikin fankshin gogewa ya fito sau ɗaya tak. Saura in bi shi da valgrind, mai gano kuskuren memori, in kuran ya dawo, batirin laftof ɗin ba ya riƙe caji. Bayan nan Buhu_SafeInit, don in ka yi interp create -safe, wato intafireta mai taƙaitaccen iko, shi load yake nema ba Buhu_Init ba, in babu shi ƙin lodawa yake.