Matakan ɗan wasa a Landan ta dā

'Yan wasan kwaikwayo na garin Tawa, ga yadda sana'arku take a Landan wajen 1600. Yaro yakan fara a hannun ubangida, yana fitowa a mace, don mata ba su hau dandali ba sai 1660. Murya na fashewa, wannan ya ƙare, sai ya koma ɗan albashin mako. Mai rabo ya sayi hannun jari a ƙungiya, kamar Richard Burbage, fitaccen ɗan wasan lokacin.

Hadda ce wahalar. Ba a ba ka wasan duka, sai naɗaɗɗiyar takarda mai maganarka da kalmomi biyu ko uku na ƙarshen zancen wanda ya riga ka. In ya tsallake su, kai ne za ka yi tsuru-tsuru gaban jama'a.