Godiya ga duk wanda ya sa hannu a taron tunawa da Martin Luther King

Assalamu alaikum 'yan'uwa maza da mata.

Alhamdu lillahi, taron tunawa da Dakta Martin Luther King, jagoran gwagwarmayar 'yancin Baƙaƙen Amurka, da muka yi ranar Litinin a jami'armu ya tashi lafiya. Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici, don haka nake rubuto wannan godiya a madadin kwamitin ɗaliban da suka shirya taron. Da yawa cikin waɗanda suka ɗauke mana nauyi 'yan'uwanmu ne mazauna wannan gari, ba ɗalibai ba, kuma takardar godiyar da ofis zai fitar ba lallai ta iso gare su ba.

Ga waɗanda ba su san yadda abin yake a nan ba, Litinin ta uku a watan Janairu hutu ce a duk faɗin Amurka saboda King, wanda aka haifa ranar 15 ga Janairu 1929 a Atlanta. Hutun ma sai da aka sha gwagwarmaya kafin a same shi. Shekara 15 bayan kashe shi ne, a 1983, Shugaba Reagan ya sa hannu a dokar, aka fara kiyaye ranar a 1986, wasu jihohi kuma suka yi ta jan ƙafa har zuwa 2000. Tun 1994 aka mai da ita ranar aikin gayya. Ke nan duk wanda muka gani a zauren nan yana da damar ya ja bargo ya yi barcinsa cikin wannan sanyi, amma ya taso ya zo.

Godiyata ta farko ga masu shara da goge-goge da ma'aikatan kicin na jami'a. Tun kafin asuba suka iso, suka kwashe ƙanƙarar da ta rufe ƙofar zauren, suka watsa gishiri a matattakala don kada tsofaffi su zame, suka jera kujeru. Kwamiti ya ware musu sahun gaba, kuma akwai waɗanda suka tambaye mu ko ba manyan jami'a ne suka fi cancantar wurin ba. Ga amsar da muka bayar. Ranar 1 ga Fabrairu 1968, a birnin Memfis, wasu masu kwasar shara biyu, Echol Cole da Robert Walker, suka fake wa ruwan sama a bayan motar shara, injin matse shara ya tashi ya murƙushe su. Ranar 12 ga watan, ma'aikata kusan 1,300 suka shiga yajin aiki, suna neman albashin da zai riƙe iyali da kayan aikin da ba za su kashe su ba. Don ya mara musu baya King ya je Memfis, a can kuma aka harbe shi ranar 4 ga Afrilu, a barandar masaukin Lorraine, yana da shekara 39. Mutumin da ya karɓi kyautar Nobel a 1964, wanda shugabannin ƙasa ke buɗe wa ƙofa, ya ƙare rayuwarsa yana tsaye tare da masu kwashe bola. To da wane ido za mu yi taron tunawa da shi alhali masu share mana zaure na tsaye a bayan ƙofa da tsintsiya a hannu? Baba, shugabansu, da farko ya ƙi zama, sai da muka roƙe shi. Baba, mun gode da ka amince, kuma mun gode da aikin da kuke yi mana a sauran kwanakin shekara da babu wanda ke tafa muku.

Sai Mama, dattijuwar nan Baƙar Ba'amurkiya da ta yi jawabi na biyu. Ta haura tamanin, ta tashi a kudancin ƙasar lokacin da doka ta raba famfon shan ruwa da ɗakin jira da makaranta tsakanin farare da baƙaƙe. Ba ta ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Ta ba mu labarin yadda mahaifinta ya yi ta zuwa ofishin rajistar zaɓe ana ba shi jarrabawar karatu da aka shirya don ya faɗi, sai bayan dokar 'yancin zaɓe ta 1965 ya jefa ƙuri'arsa ta farko, furfura ta riga ta cika masa kai. Na ga ɗalibai da yawa sun ajiye wayoyinsu.

A kan jawabinta nake so in ɗan tsaya, domin ya shafe mu, mu da muka zo daga Afirka. Muna shiga aji, mu zauna inda muke so, mu ari littafi, mu kwana a ɗakunan ɗalibai, har mu ɗauka haka abin yake tun fil'azal. A 1962 sai da gwamnatin tarayya ta tura dubban sojoji kafin James Meredith, Baƙar fata, ya iya karatu a Jami'ar Mississippi, kuma mutum biyu suka mutu a tarzomar da aka yi. Ranar 11 ga Yuni 1963 gwamnan Alabama da kansa, George Wallace, ya tsaya a bakin ƙofa don hana ɗalibai Baƙaƙe biyu, Vivian Malone da James Hood, yin rajista a jami'ar jihar. Ko dokar shige da fice ta 1965, wadda ta soke tsarin da ya fifita 'yan wasu ƙasashen Turai ta buɗe wa irinmu hanya, iskar wannan gwagwarmaya ce ta kawo ta. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji ɗanmu ya sauka jiya, yau yana yi wa Baƙaƙen Amurka kallon raini. Iyayensu ne suka sha duka da ɗauri da cizon karnukan 'yan sanda, mu muka zo muka tarar da ƙofa a buɗe. Bashi ne a kanmu. Mama, Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Abin da kika faɗa ya shiga.

Ga farfesar sashen tarihi da ta karanta mana wani ɓangare na wasiƙar da King ya rubuta a kurkukun Birmingham cikin Afrilu 1963, amsarsa ga malaman addini takwas da suka ce ya yi haƙuri ya jira lokaci, muna godiya. Haka ga Malam limamin masallacinmu da Fasto, waɗanda suka zauna kafaɗa da kafaɗa, kowa ya yi addu'a bisa tafarkinsa. King limamin coci ne, amma zaluncin da ya yaƙa bai tambayi addinin kowa ba, kuma na ji daɗin yadda Malam ya fayyace wannan ga masu ɗari-ɗari da zuwa.

Iyayenmu mata, ban san ta inda zan fara ba. Wasunku daga aikin dare kuka dawo, ko runtsawa ba ku yi ba kuka ɗora tukunya. Babu wanda ya tafi da yunwa, abin da ya rage kuma an kai gidan marasa matsuguni. Allah ya saka da alheri, ya albarkaci zuri'a.

Yayyenmu direbobin tasi sun yi ta jigilar tsofaffi daga gidajensu zuwa jami'a, suka mai da su, ba su karɓi ko sisi ba, a ranar da ake samun fasinja. Wataƙila ba ku sani ba, amma gado kuka taka. Bayan kama Rosa Parks, Baƙar matar da ta ƙi tashi ta ba farar fata kujerarta a bas, ranar 1 ga Disamba 1955, da Baƙaƙen Montgomery suka ƙaurace wa motocin bas, direbobin tasi Baƙaƙe ne suka fara ɗaukar mutane a kan senti 10, kuɗin bas ɗin. Da hukumar birnin ta yi barazanar cin su tara, masu motoci na ƙashin kansu suka karɓi aikin, aka yi kwana 381 a haka har aka ci nasara.

Ƙannena ɗalibai 'yan kwamiti, da waɗanda suka manna sanarwa, suka yaɗa ta a WhatsApp, suka kula da lasifika, suka tsaya a ƙofa cikin iska suna nuna wa baƙi hanya, na gode muku ƙwarai. Kada wanda ya ga aikinsa ƙarami ne. Malamar kwalejin Alabama ce, Jo Ann Robinson, tare da ɗalibanta biyu da wani abokin aikinta, suka kwana suna buga dubban takardun da suka kira mutanen Montgomery zuwa ƙauracewar. Ɗalibai Baƙaƙe huɗu 'yan shekarar farko ne suka zauna a wurin cin abincin da aka keɓe wa farare a kantin Woolworth na Greensboro ranar 1 ga Fabrairu 1960 suka ƙi tashi, kafin wata biyu abin ya bazu zuwa birane da dama. Shi kansa King yana da shekara 15 ya shiga kwalejin Morehouse. Sa'anninku ne, wasu ma ba su kai ku ba.

Hukumar jami'a ta ba mu zaure kyauta, jami'an tsaro kuma sun yi haƙuri da mu har bayan lokacin rufewa. Mun gode.

Akwai sauran aiki. Rigunan sanyin da aka tara suna ofishin ƙungiyar ɗalibai, muna neman masu mota da za su taimaka a raba su ranar Asabar da safe. Sannan a wurin taron ne muka ji cewa wasu cikin masu sharar ma'aikatan kwangila ne, ba a biyansu ƙarin kuɗi idan suka yi aiki ranar hutu. Kwamiti ya rubuta takarda zuwa ga hukuma a kan haka, tana nan a ofis har ranar Juma'a ga duk mai son sa hannu, ɗalibi ne ko ba ɗalibi ba.

Allah ya saka wa kowa da mafificin alheri, ya bar zumunci. Amin.