Asabar a Rayfield: inda majigi zai zauna

Tun ƙarfe takwas na safe muna Rayfield, ni da yaron shagona, da tsani da tef ɗin awo da injin huda kankare. Hunturu ya sauka sosai, hazo ya rufe duwatsu, sanyin Jos na shiga har cikin yatsu. Aikin na yau gareji ne da maigidan ya mayar ɗakin buga golf, wasan da wasu gidajen rediyo ke kira ƙwallon lambu. Tsohon filin golf na unguwar, wanda ya samo asali tun zamanin Turawan haƙar kuza, yana nan kusa da gidan, amma Alhaji yana son wurin da zai gyara bugunsa da dare da kuma lokacin damina. An riga an ɗaura allon ƙyalle mai tare ƙwallo, an shimfiɗa tabarmar bugu, kwamfuta na kusurwa. Saura majigi, na'urar da za ta haska hoton filin golf a kan allon.

Kafin in buɗe kwali sai da na auna ɗakin. Tsawo mita 6.2, faɗi 4.2. Daga ƙasa zuwa silin POP mita 2.95, daga ƙasa zuwa rufin kankare da ke samansa 3.3. Allon faɗinsa mita 3.6, tsayinsa 2.7, an bar masa santimita 35 tsakaninsa da bango domin idan ƙwallo ta doke shi ya samu inda zai lotsa. Wurin ɗora ƙwallo yana mita 3 daga allo. Na'urar da ke karanta bugu Garmin R10 ce, mai aiki da rada, tana zama kamar mita 2 a bayan ƙwallo. Waɗannan lambobin su ne ke zaɓen majigi, kuma a nan matsalar yau ta fito.

Majigin da aka aiko wa Alhaji daga waje mai kyau ne, amma na ɗakin taro ne. Kowane majigi yana da lambar nisa a takardarsa. Idan ka ninka ta da faɗin hoton da kake so, ta ba ka nisan da idon majigin zai zauna daga allo. Ta wannan 1.5 ce. Yaron gidan ya riga ya yi lissafinsa: 3.6 sau 1.5, mita 5.4, ɗaki zai ɗauka. Lissafin daidai yake, faɗin da ya ɗauka ne ba daidai ba, kuma kusan kowa a nan yake tuntuɓe. Allon 3.6 da 2.7 fasalin 4:3 ne, wato faɗi kashi huɗu, tsayi kashi uku, shi kuwa majigin an ƙera shi a fasalin 16:9. Idan ka umarce shi ya nuna 4:3, ba ya ƙara wa hoton tsayi, gefe biyun yake kashewa ya bar tsakiya. Saboda haka daga tsayin allo ake fara lissafi. Don hoto ya cika tsayin mita 2.7, cikakken faɗin da majigin ke jefawa sai ya kai 2.7 sau 16 a raba 9, wato mita 4.8. Ninka 4.8 da 1.5, ka samu mita 7.2, a ɗakin da gaba ɗayansa 6.2 ne.

Alhaji ya ce, "To Malam, a manna shi da bangon baya mana, ko hoton bai cika ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, bari ka gani da idonka." Muka ɗora shi a kan tsani a jikin bangon baya muka kunna. Hoton ya tsaya a tsayin mita biyu da 'yan kai, sama da ƙasan allon fari fat. Sannan na roƙe shi ya tsaya a kan tabarma da sandarsa. Inuwarsa ta miƙe a tsakiyar filin wasan, hula da kafaɗu da sanda, daidai inda tuta take. Ya yi shiru yana kallo, sannan ya ce a kai wannan falon sama, yara su riƙa kallon ƙwallon ƙafa.

Wanda na zo da shi BenQ TH671ST ne, mai jifa daga kusa, lambar nisansa daga 0.69 zuwa 0.83 domin yana da zum, wato ana iya ƙara ko rage girman hoton ba tare da an matsar da shi ba. A kan faɗin 4.8, zai iya zama ko'ina tsakanin mita 3.3 da kusan 4. Na zaɓi 3.6, wato santimita 60 a bayan ƙwallo, kuma ga dalili. Hasken da ke sauka a gindin allo yana tasowa ne daga idon majigi yana gangarowa. Idan idon yana tsayin mita 2.77 a nisan 3.6, to a daidai wurin ƙwallo layin hasken yana wucewa a tsayin kusan mita 2.3, duk abin da ke ƙasa da haka ba ya yin inuwa. Matsar da shi baya zuwa mita 4, layin ya sauko kusa da mita 2, hannu da sanda su fara leƙowa a allo a ƙarshen bugu. Matso da shi gaba kuma, ya shiga yankin da sanda ke shawagi, ga ƙwallon da aka ɗaga sama da yawa tana iya samunsa. Masu lambar 0.5, irin Optoma GT1080HDR, a wannan allon mita 2.4 za su zauna, gaban mai bugu ke nan. Inuwa babu ko kaɗan, amma sai an yi masa kejin ƙarfe, kuma ba shi da zum, inda ka huda nan ne, kuskuren santimita biyar ya isa ya sa hoto ya zube a bango. A gidan da silin bai kai mita 3 ba, ni na fi natsuwa da na bayan ƙwallo.

Kafin huda, na ba ɗan Alhaji na fari, wanda ya fi kowa tsawo a gidan, sanda mafi tsayi a jakar. Na manna kwalin da ya kai girman majigin a silin da salatif, ya yi lilo a hankali sau goma, sannan da ƙarfi. Akwai bahago a cikin abokan wasan Alhaji, don haka muka maimaita ta ɗaya ɓangaren. Wannan gwajin ba ya cin minti biyar, kuma ban yarda a tsallake shi ba.

POP ba ya riƙe majigi. Yau zai riƙe, bayan wata uku girgizar bugu ta sassauta shi. Muka yanke murabba'i mai santimita 60 kowane gefe, muka kafa maƙalin a rufin kankaren da kusoshin kankare huɗu masu milimita 8, muka sauko da bututunsa har idon ya kai tsayin da ake so. Majigin rataye yake a kife, kuma irinsa yana jefa hoto ƙasa da idonsa kaɗan, don haka idon ya zauna kamar santimita 7 sama da leɓen allo na sama. Ramin da aka yanke ya zama hanyar iska ma, domin saman majigin ya kusa taɓa silin, kuma ba a toshe masa inda yake fitar da zafi.

Wani wurin da ake yawan kuskure shi ne tsakiya. Idon majigi ba a tsakiyar jikinsa yake ba, yana gefe guda. Idan ka saita jikin da tsakiyar allo, hoton zai karkata, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsayi. Muka ja zare daga tsakiyar allo a ƙasa har bangon baya, muka rataya dutse a igiya daga gilashin idon, muka yi ta matsar da maƙalin har dutsen ya sauka a kan zaren. Awon mita 3.6 ɗin ma daga gilashin ake yinsa, ba daga kusoshin maƙali ba. Sai ma'aunin ruwa irin na birkiloli a kan jikinsa, gaba da baya, hagu da dama. Akwai maɓallin miƙe hoto da ake kira kiston, yaran shago suna son sa don yana rufe aibi nan take. Matse hoton yake yi ya zubar da wasu ɗigogin, rubutun lambobin bugu ya yi dishi-dishi. Na bar shi a sifili, muka gyara da sifana.

A kwamfuta na saita hoton a ɗigo 1440 a faɗi da 1080 a tsaye, na zaɓi 4:3 a majigin, sannan a GSPro, manhajar da ke nuna filin golf ɗin. Idan ɗaya daga cikin ukun ya saɓa, ko dai ƙwallo ta fito kamar ƙwai, ko baƙin layi ya bayyana sama da ƙasa. Wayar HDMI mita 12 ta ci saboda zagaye ta cikin silin, shi ya sa na sa mai zaren gilashi. Irinta hanya ɗaya take bi, an rubuta a kan kowane kai wanne ne na kwamfuta wanne ne na majigi, a duba kafin a zura ta cikin bututu.

Haske shi ne inda wannan majigin yake da iyaka, kuma na faɗa wa Alhaji tun kafin mu rataya. Lumen 3,000 ne a takarda, lumen kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin haske. Kashe gefe biyu ya ɗauke kashi ɗaya cikin huɗu, saura 2,250 a kan allon da ya kusa murabba'in mita 10. Da rana tsaka, da tagar garejin a buɗe, ciyawar ta koma ruwan toka. Da muka rufe tagar da bargo, kore ya dawo. Labule baƙi mai kauri zai yi maganin wannan, sai fitila guda mai tattara haske a kan tabarma kaɗai, wadda ba ta watsuwa zuwa allo. Mai son wasa da fitilu a kunne ya nemi lumen 4,000 zuwa sama, kuma mai lesa, wanda ake ba shi awa 20,000, alhali ƙwan fitila na 'yan dubbai ne.

Wuta kuwa sai an yi mata tanadi na musamman. Majigi mai ƙwan fitila yana buƙatar fankarsa ta ci gaba da juyi bayan an kashe shi. Idan aka ɗauke wuta yana da zafi, ƙwan ne ke biya, kuma tsakanin ɗaukewa da tashin janareto akwai daƙiƙu. Na haɗa shi da kwamfutar a kan UPS guda, wato batirin da ke riƙe wuta idan an ɗauke, ko inbatar gidan ma za ta yi idan layin garejin na kanta. Jos tana kusan mita 1,200 sama da teku, saitin tsaunuka na majigin kuwa, wanda ke ƙara wa fankarsa gudu, daga mita 1,500 ake ba da shawarar kunna shi, don haka na bar shi a kashe. Ƙurar hunturu ce abin lura: a goge ramukan iska da burushi mai laushi duk mako biyu, gilashin ido kuma da ƙyallen tabarau kawai.

Bayan La'asar Alhaji ya yi bugun farko. Hoto ya cika allo leɓe zuwa leɓe, babu inuwa, amma na'urar ta ba da nisan da bai yi kama da bugun ba, na biyu ma ta ƙi karantawa. Fankar tsaye ce da aka kunna a kusurwa don korar ƙurar POP, rada na ganin fukafukanta na juyawa. Aka kashe ta, lambobi suka daidaita. Ranar Litinin mai POP zai zo ya gyara bakin ramin, ya bar santimita 10 kowane gefe don iska, ni kuma in dawo in sake duba fokas ɗin kusurwa ta hagu bayan maƙalin ya zauna.