Kuɗin wuta a Ingila: wuraren da na yi tuntuɓe

Ƙannena masu shirin zuwa Ingila karatu ko aiki, kowa zai ba ku labarin biza da kuɗin haya da sanyi. Da wuya ku sami wanda zai zaunar da ku kan kuɗin wuta. Ni ma ba wanda ya zaunar da ni, sai da aljihuna ya ji jiki.

Na sauka a Bradford a watan Satumba na 2022, na kama ɗan gida mai ɗaki ɗaya wanda komai nasa da lantarki yake aiki, babu gas. Na zo da tunanin Kano a kaina. A can kamfani ɗaya ne ke raba wuta, ba ka da zaɓi, in an kawo sai ka yi hamdala ka yi maza ka yi guga. A nan kuwa masu sayar da wutar suna da yawa, British Gas da Octopus da EDF da OVO da sauransu. Wayar da ke shigo da wuta gidanka ɗaya ce, amma kowa da farashinsa, kuma ɗan haya ma yana da ikon sauya kamfani muddin shi ke biyan bil da sunansa. Na kusa shekara ban san haka ba.

Ranar da na karɓi makulli ban ko leƙa mita ba. Wasiƙun da ke zuwa babu sunana a jiki na riƙa turawa bayan firij, ina cewa na wanda ya tashi ne. Ashe daga ranar da ka shiga gida ka zama abokin cinikin kamfanin da ka tarar, ko ba ka sa hannu a komai ba. Da ba su sami lamba daga gare ni ba sai suka yi ƙiyasi, ni kuma ba ni da hujjar nuna inda cin wancan ya tsaya, nawa ya fara. Ku ɗauki hoton mita kafin ku sauke akwati, ku tura musu a ranar.

Babbar asarar ta zo ne ta wajen ɗumama ɗaki. Akwai wasu manyan akwatunan ƙarfe jingine da bango. Na kunna, na taɓa, shiru babu zafi, na ce sun lalace, na kashe su. Na je kanti na sayo ƙaramar hita mai fanka, mai cin kilowat 2. Ku yi lissafin da ban yi ba a lokacin: awa 5 a rana yunit 10 ke nan. A hunturun nan, duk da tallafin gwamnati, matsakaicin farashin yunit ɗaya kwabo 34 ne na Ingila. Wato fam 3 da kwabo 40 kullum, sama da fam 100 a wata, a kan hita ɗaya tak. Ni nawa ma ya fi haka, domin mitata mai farashi biyu ce, tsarin da ake kira Economy 7: awa 7 na dare wuta tana araha, sauran awannin kuma tsadarsu ta ɗara ta tsarin kowa da kowa. Akwatunan da na yi wa ƙazafi lafiyarsu ƙalau. Bulo ne a cikinsu, yana shan zafi cikin dare da wuta mai araha, ya riƙa saki a hankali da rana. Na kashe mai araha na rungumi mai tsada.

Abin da ya rufe min ido shi ne fam 400 ɗin da gwamnati ta ba gidaje daga Oktoba 2022 zuwa Maris 2023, ana ragewa daga bil wata-wata. Da ya ƙare, aka zo aka karanta mitar gaske, sai ga bashi ya fito fili.

Wani dattijo ɗan Zariya da muke haɗuwa a masallaci, wanda ya daɗe a ƙasar, shi ya karɓi takardar ya duba. Ya ce, "Ɗana, kai da ke tashi Asuba, me ya hana ka kunna injin wanki kafin ka fito? A lokacin sanyi ai farashin wutar bai tashi ba tukuna." Na ce, "Baba, wallahi ban san dare da rana suna da bambanci ba." Tun daga nan wanki da tukunyar ruwan zafi suka koma dare, girkin sahur ma a farashin dare yake faɗawa. Sai dai ku tambayi kamfaninku ainihin awannin, domin sukan bambanta daga wuri zuwa wuri. In kuma gidanku da gas ake ɗumama shi, cinku duk na rana ne, wannan tsarin cutar ku zai yi.

Da na waye, sai na yi rawar kai. A 2023 aka yi min tayin biyan wata-wata da ya yi ƙasa da nawa, na amsa nan take. Wannan kuɗin da ake cira daga asusu kowane wata ƙiyasi ne kawai, bayan 'yan watanni suka ɗaga shi. Lambobin da ake kwatantawa biyu ne: farashin yunit, da kuɗin kullum da ake cajin gida ko da kun yi tafiya kun kashe komai. Ku nemo yawan yunit da kuka ci a shekara, yana jikin bil, ku ninka da farashin, ku ƙara kuɗin kullum sau 365. Mai ƙaramin gida ya fi lura da na biyun, mai iyali ya fi lura da na farkon.

Kada kuma labarin iyakar farashi ya ruɗe ku. Hukumar Ofgem, mai sa ido kan kamfanonin wuta da gas, ita ce ke sa ta tun Janairu 2019, yanzu tana sabunta ta duk wata uku. Waɗancan lambobi biyu ta ƙayyade wa masu tsarin da farashinsa ke hawa da sauka, ba jimillar bil ba. Adadin da kuke ji a labarai na gida matsakaici ne. Wanda ya ci fiye, ya biya fiye.

Kwantiragin da na sa hannu mai tsayayyen farashi ne, da tarar fita a ciki wadda ban karanta ba. Ina da kwana 14 da zan iya fasawa kyauta, na bari suka wuce. Na jira sai da ya rage kwana 49 ya ƙare, lokacin da doka ta hana a ci mutum tara, sannan na sauya. Cikin kwanakin aiki biyar aka gama, ko ƙyaftawa fitila ba ta yi ba. Na ɗan ji tsoron ƙananan kamfanoni, ganin kusan 30 sun durƙushe daga 2021, har da Bulb. Amma in haka ta faru Ofgem ke mayar da mutum wani kamfanin, wuta ba ta yankewa, rarar kuɗinsa kuma tana nan.

Hitar nan tana cikin kabad har yanzu. Wani sabon ɗalibi ya roƙe ni ita kwanan baya, na ce ya fara turo min hoton mitarsa tukuna.