Aikinmu Auna Talla

Ofishinmu ƙarami ne, a nan Kano. Sana'armu ita ce mu gaya wa ɗan kasuwa ko kuɗin da yake zubawa a talla suna dawowa. 'Yan Kantin Kwari, masu turare da masu makarantun kuɗi, su ne suka fi zuwa mana.

Wasu na zaton zane-zane masu launi muke yini muna yi a kwamfuta. Ina! Tsintar bayanai ce ke cinye lokacin. Talla tana Instagram, ciniki a WhatsApp, kuɗi su shigo ta OPay ko Moniepoint, lissafi kuma yana littafin yaron shago. Facebook, kamfanin da ke da Instagram, zai faɗi mutum nawa suka danna tallar, amma bai san wanda ya biya ba. Tun da kamfanin Apple ya kawo iOS 14.5, wato manhajar da ke tafiyar da wayar iPhone, a 2021, aka fara tambayar mai waya ko ya yarda a bi sawunsa, ganin Facebook ya ƙara dusashewa. Shi ya sa muke sa yaron shago ya riƙa tambaya, "Hajiya, a ina kika ji labarinmu?" ya rubuta. Sau da yawa amsar rediyo ce, ko "ƙawata ce ta turo min."

Inda aka fi ruɗuwa shi ne kalanda. Mutum ya ga cinikin Maris na 2025 ya zarce na Maris na 2024, sai ya ce talla ta yi aiki. To, ƙaramar Sallah a 2024 cikin Afrilu ta faɗo, a 2025 kuwa ƙarshen Maris. Duk shekara azumi na matsowa da kusan kwana 11, don haka Sha'aban muke kwatantawa da Sha'aban, Ramadan da Ramadan. Haka ma naira. Tun da darajarta ta faɗi a 2023, kuɗin ciniki kan hau alhali kaya ba sa fita kamar da. Turmi da yadi muke ƙirgawa.

Lambobin wayar masu saye kuwa, akwai dokar kare bayanai ta 2023, ba ma karɓar waɗanda aka sayo a bayan fage.

Mai wuyar ita ce ranar kai rahoto. Ka zauna gaban dattijo ka ce, "Ranka ya daɗe, tallar nan da kake so ba ita ke kawo ciniki ba." Wani ya rage ta a take. Wani ya ce a bar ta, ai maƙwabcinsa ma yana yi.