Jikan Goggo

Laraba. An gyara mana sikelin yara, Sista ta dawo daga hutu, duk safiyar nan cikin fara'a nake.

Wajen sha ɗaya Goggo ta shigo karɓar wa ɗanta magani, goye da jikanta da bai kai shekara biyu ba. Ɗaki ɗaya yake kwana da uban, wanda gwajin kakinsa ya nuna tarin fuka makon jiya. Na duba yaron, ba tari, ba zazzaɓi, nauyinsa daidai. Na ce za mu ɗora shi kan maganin kariya na wata 3, ƙwayar da ke narkewa a ɗan ruwa.

Ta ce, "Haba 'yar nan, yaro lafiyarsa ƙalau in riƙa ɗura masa magani?" Ta zame masa riga, ta ɗora yatsa kan tabon BCG, allurar rigakafin tarin fuka, a damtsensa. "Ga shaidar allura."

Na ce, "Goggo, allurar nan tana tare mai tsananin ne, irin wanda ke hawa ƙwaƙwalwa, amma ba ta hana ƙwayar cutar shiga. Yaro ƙasa da shekara 5 ciwon kan taso masa da sauri, kuma gano shi wuya ne. Ba ya tofar da kaki, haɗiyewa yake, sai dai a zura masa roba har ciki ko a gwada bayan gidansa a na'urar gwaji ta GeneXpert."

Ta saurare ni tsaf, ta gyara goyo, ta ce sai ta yi shawara. Ta tafi ba ta karɓa ba.

Tun ɗazu abin ke cin raina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yara kusan miliyan 1.3 suka kamu a 2023, kuma galibin waɗanda ke rasuwa ba su taɓa fara magani ba. Masu bincike sun yi nasu. Wani bincike mai suna SHINE a Zambiya, Uganda, Afirka ta Kudu da Indiya ya nuna maganin wata 4 ya wadatar wa yaron da ciwonsa bai yi tsanani ba, maimakon 6. Amma duk wannan sai magani ya shiga bakin yaro, kuma mai ba shi kullum ita ce ba ta gamsu ba. Ban ga laifinta ba, tausayin jikanta ne ya hana ta.

Rana zafi. Takardu sun taru, ban taɓa su ba.

Gobe muna zagayen gidaje. Da nasu zan fara, kuma uban zan nema mu zauna, shi da ya san yadda tarin nan ke hana barci.